Man shafawa mai bakteriya: gyara ne ko talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na bar man bilicin, amma fuskata sai bushewa da raɗaɗi, ko ruwa ne ya taɓa ta. An tallata mini wani mai da aka rubuta Lactobacillus ferment a jikinsa, wai bakteriya ne mai gyara fata. Da gaske ne? In haka ne, ba sai in shafa kindirmo ba?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lafiyayyar fata tana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya nata na gida, irin su Staphylococcus epidermidis, masu hana na cuta samun wurin zama. Suna son fata mai ɗan tsami, ma'aunin pH kusan 5. Sabulun sanda yakan kai 9 zuwa 10, wato ba shi da tsamin, shi ya sa yake wanke maiƙon fata ya bar ta a buɗe. Bilicin mai ɗauke da clobetasol, wani magani mai ƙarfi na rage kumburin fata, kuwa sirantar da fatar yake yi, kuma barinsa farat ɗaya yakan jawo irin raɗaɗin da kike ji.

Abin da masu talla ba sa faɗa: yawancin mayukan nan babu rayayyen bakteriya a ciki, domin sinadarin hana lalacewa zai kashe shi. Lactobacillus ferment da Bifida ferment lysate da ake rubutawa a jikin mayukan ruwan tsimi ne da ɓarɓashin matattun ƙwayoyi. Suna iya rage bushewa da ƙaiƙayi, amma mataimaka ne kawai.

Gyaran na ainihi ya fi araha. Ki daina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, ki bar goge fuska da soso. Ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun ruwa marar turare. Cikin minti 3, tun fatar na da danshi, ki shafa mai mai glycerin ko ceramide, sinadaran da ke riƙe danshin fata, ki rufe da ɗan basilin ko man kaɗanya, musamman da hunturu. Sabon man kuwa, ki gwada shi a cikin dantsenki sau biyu kullum na kwana 7 kafin ya hau fuska, sannan ki ba shi mako 4 zuwa 6 kafin ki yanke masa hukunci.

Kindirmo dai ki sha abinki. Ƙwayoyinsa ba sa zama a fata, kuma na kasuwa yana iya shigar da cuta inda fatar ta tsage. In kika ga ruwa, mugunya ko ɓawon ƙuraje, ki nemi likitan fata ba tare da jinkiri ba.