Tambaya da Amsa: Ina da ƙaramar silima a Tudun Wada, ga bikin fim ya matso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ni matashi ne a Tudun Wada nan Kaduna, shekara huɗu ke nan ina da gidan kallon ƙwallo, bara na ɗan samu abin hannu na gyara wurin, na sayi majigi na hannu na zuba kujerun roba 70, ranakun da babu wasa ina haska fim kuma jama'a na zuwa ba laifi. To ga bikin fim na Kaduna ya matso, wani abokina da yake harkar fim ya ce in shiga a dama da ni, har ya kawo min finafinai uku a filasha ya ce in saka kawai tunda ai talla nake wa masu su. Damuwata ita ce lokacin ya zo daidai da fara Firimiya kuma ƙwallo ce ke ciyar da ni, ga tsadar mai, ga Hajiyata ko kaɗan ba ta son a ce ɗanta mai silima ne. Dan Allah in shiga ko in haƙura? Naka, mai gidan kallo daga Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Ka shiga. Amma wannan filashar, ka mayar wa abokinka da ita yau ɗin nan kafin gobe, da ita zan fara don ita ce ta fi tsaya min a rai.

Fim ɗin da aka kai biki yawanci bai fita kasuwa ba, mai shi ya sayar da fili ko ya ci bashi ya yi shi, yana fatan daga bikin wani gidan talabijin ko wata manhaja ta gani ta saya. Kai ka saka shi a bainar jama'a ba da saninsa ba, yaro ɗaya ya ɗaga waya a layin baya ya naɗe, washegari yana hannun 'yan dawunlodin ana tura shi a kati a Kasuwar Barci, shi ke nan an kashe masa jari. Wannan ba talla ba ce, haƙƙin mutum ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan tana aiki. Abin da ya dace shi ne ka taka da ƙafarka ka je wurin masu shirya bikin. Bikin fim na Kaduna dai, wato KADIFF, tun 2018 ake yin sa, a watan Agusta, ba sabon abu ba ne, sun saba da masu zuwa neman haɗin gwiwa. Ka je da hotunan wurinka, ka faɗa musu gaskiyar yawan kujerunka da irin na'urar da kake da ita, kar ka ƙara gishiri. In sun yarda su sa ka a jadawali to madalla, in ba su yarda ba ka roƙe su su haɗa ka da furodusoshi biyu ko uku, musamman yara masu gajerun finafinai waɗanda ƙishirwar 'yan kallo ke damun su. Duk wanda ya amince ya rubuta maka a takarda, ko da saƙon WhatsApp ne mai ɗauke da sunan fim da rana da sau nawa za a haska da yadda za a raba kuɗin ƙofa. Ni shawarata ku cire kuɗin mai tukuna sannan ku raba sauran biyu, kuma a ƙirga tikiti a gabansa a daren, kar a kwana da lissafi.

Sai maganar hukuma. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke ba wurin haska fim lasisi kuma ita ke sa wa fim shekarun masu kallo, wannan na kowa ne, wannan na 'yan 15, wannan sai 18. Gidan ƙwallo daban, wurin da ake yankar tikiti a kalli fim daban, tunda ka fara haska fim to ka nemi takardarka tun kafin sunanka ya hau fosta, domin ranar da sunan ya hau ka fito fili ke nan. Kuma kowane fim ka tambayi matakinsa ka rubuta a ƙofa da manyan baƙi.

Batun ƙwallo kuwa ban ga abin tashin hankali ba. Firimiya ranakun ƙarshen mako ta fi ci, gasar zakarun Turai ba ta kankama sai Satumba, ka ga Talata da Laraba da Alhamis na Agusta dama a zaune kake. Ka ba fim waɗannan ranakun, Asabar da Lahadi ka bar wa 'yan ƙwallonka kayansu, su ne ke biyan hayar shago ba za ka kore su saboda baƙin mako ɗaya ba. Kar dai ka sa rai da riba a makon nan, in ka mayar da kuɗin mai ka sallami yaranka ka gode Allah. Abin da za ka samu shi ne 'yan fim su san akwai wani ɗaki a Tudun Wada da ake mutunta aikinsu, in sun san haka bayan biki su da kansu za su riƙa kiranka.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani, wato cikin ɗakin. Ka ce ka sayi majigi amma ba ka ce min komai kan sauti ba, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ɗan kallo zai yafe maka hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in bai ji me jaruma ta ce wa mijinta ba wallahi ba zai dawo ba. Ƙwallo ihu ce, ko lasifika na ƙara babu mai damuwa, fim kuwa magana ce, wani lokacin ma raɗa. Kuma ka tuna Agusta ce, tsakiyar marka. Na taɓa zama a wani ɗakin kallo mai rufin kwano ba silin, darakta na zaune a gefena ya gayyato iyayensa, ana cikin wurin da uba ke yi wa ɗansa wasiyya a gadon asibiti sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, minti ashirin muna ganin baki na motsi ba ma jin ko kalma ɗaya, yaron nan ya sunkuyar da kai ya riƙe hularsa da hannu biyu har aka tashi bai ɗago ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Don haka in ba ka da silin ka sa, in kuɗi bai kai ba ka samo tsofaffin darduma da labule masu kauri ka rataya a bango da bayan ɗaki su shanye amsa-kuwwa, lasifika kuma a gaba kusa da allo, a ɗaga su daidai kan mutum in yana zaune, kar a jibge su a lungu ɗaya.

Wuta ma haka. Ka sa majigi da kwamfuta a kan inbata ko ƙaramin UPS, saboda in aka ɗauke wuta farat ɗaya fankar da ke sanyaya ƙwan majigin tsayawa take yi alhali ƙwan na da zafi, a haka yake mutuwa, kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Janareta a waje can nesa da taga, don ƙara da kuma hayaƙinsa da ke kisa ba a ji ba a gani ba. Ka sayi man kwana uku ka ajiye tun kafin ranar. Shi kuma fim ɗin ka karɓe shi kwana biyu kafin a haska, ka ce a ba ka shi a MP4, irin fayil ɗin da kwamfuta ke kunnawa, don manyan silimu ne ke da na'urar kunna DCP, wato tsarin fayil na musamman na silima, ka kwafe shi cikin kwamfutar kar ka kunna daga filasha, ka zauna ka kalle shi tun daga farko har sunayen ƙarshe a kujerar baya. In ka ga baƙin layi sama da ƙasa ka bar shi haka, yadda aka ɗauke shi ke nan, kar ka ja hoton ya cika allo fuskokin mutane su miƙe. In an gama ka goge a gaban mai shi.

Lokaci kuwa salla ce za ta tsara maka. A Agusta magariba na faɗuwa wajen bakwai saura, ka ga daga bayan la'asar kana da awa biyu da wani abu, ya ishi fim ɗaya ko gajeru huɗu har da ɗan tattaunawa. Na biyu bayan isha'i, ka tashi kafin sha ɗaya saura don masu neman keke zuwa Rigasa ko Kawo ko tsallaken gada. Kuma Kaduna ce, za ka ga ɗan Barnawa da ɗan Sabon Tasha da ɗaliban KASU da na Poli sun zo, wani ba ya jin Hausa sosai wani ba ya jin Turanci, saboda haka ka fi ba fim mai fassara a ƙasa muhimmanci.

Na bar maganar Hajiya a ƙarshe ne don ta fi sauran nauyi. Kar ka ga laifinta. Mutanen zamaninta sun tashi sun tarar ana ɗaukar silima matattarar 'yan iska, wurin duhu da hayaƙin taba, kuma manya ba su manta gobarar silimar El-Duniya ta Kano a 1951 ba, wadda ta ci sama da mutum 300. Baki ba zai goge mata wannan ba sai abin da idonta ya gani. Ka je ka gaida mai unguwa da liman ka faɗa musu abin da za ka yi kafin su ji a bakin wani. Ƙofa biyu, duka masu buɗewa waje, ba kwaɗo a jiki lokacin kallo, tukunyar kashe gobara a inda kowa ke gani, hanya a tsakiyar kujeru, in kujera 70 ce to tikiti 70 ne ko da gwamna ne ya zo a na 71. Ka bar ƙaramin ƙwai ɗaya a kunne a baya. Ba taba ba shaye-shaye. Sannan ka ware rana guda da rana tsaka ta mata da yara kaɗai, ka sa ƙanwarka ko matarka a ƙofa, ka ɗauko Hajiya da ƙawayenta biyu ka zaunar da su a gaba da zoɓo mai sanyi. Garin nan ne fa ya fitar da su marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja, kuma na tabbata ta sha kallon su a talabijin tana dariya, ka tuna mata da haka cikin ladabi.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce, mun yi gajeren fim na minti 12 da ƙawayena da waya muka ɗauka, mun tura biki ba a ɗauka ba, gaskiya na karaya. Akwai amfanin in kai shi irin waɗannan ƙananan wuraren ko zubar da aji ne? 'Yarka daga Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau 'yata, sannu da ƙoƙari. Ki kai shi, babu zubar da aji ko kaɗan. Masu biki finafinai da yawa ke zuwa musu kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne, rashin ɗauka ba ya nufin aikinki bai yi ba. Abin da za ki koya a ɗaki mai mutum 40 ba za ki same shi a YouTube ba, ki zauna a baya kar ki kalli allo, ki kalli ƙeyar mutane, inda suka yi tsit da inda suka fara latsa waya da inda suka yi dariya alhali ke kuka kika nufa, ki rubuta duka. Kafin nan ki samu mai haɗa sauti ya daidaita miki muryoyin, don fim ɗin waya a nan yake tona kansa in ya hau manyan lasifika, kuma in kun sa waƙar wani ku nemi izininsa ko ku cire. Ki je da izinin gida, ki tafi da yayanki ko wata babba. Ga mai tambaya ta sama can yana neman irin naki, ki aiko wa mujalla saƙo za mu haɗa ku. In kuma harkar ta shiga ranki da gaske, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, ga kuma sashen wasan kwaikwayo na ABU nan Zariya kusa da ke.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da gugguru da kunun aya ne a bakin wani gidan kallo a Badarawa, mai wurin ya ce a makon biki sai na riƙa ba shi kaso. Daidai ne?

AMSA: Daidai ne ɗan'uwa, in dai ya bar ka ka shiga ciki ko ya ba ka tebur a ƙofa kuma bai kawo wani ya yi irin sana'arka ba. Ko a manyan silimu kayan ci da sha na cikin abin da ke riƙe gidan, tunda kuɗin tikiti raba shi ake yi da masu fim. Ku yanke kason tun yanzu a gaban shaida ɗaya, na mako ɗaya tak, ka nemi lambar asusu ko POS don yawancin baƙin biki taransifa za su ce za su yi, kuma ka zuba guggurun a kofi ko takarda maimakon leda mai ƙara, kunun ayar kuma ka yi shi da safiyar ranar ka sa a ƙanƙara don ba ya jure zafi.