Amsa kan tseren kwale-kwale a Minecraft

Malam, ka ce kai da abokanka a nan Maraɗi kun gina filin tseren kwale-kwale kan ƙanƙara a Minecraft, wasan bidiyo na gine-gine, amma ƙanƙarar tana narkewa, masu waya kuma sun kasa shiga.

Wannan tsere ƴan wasa ne suka ƙirƙiro shi, saboda sun lura kwale-kwale ya fi gudu a kan ƙanƙara fiye da kan ruwa. Ƙanƙarar gama-gari tana narkewa idan ka kafa fitila kusa da ita, sai ka wayi gari kwanar da ka sha wahalar ginawa ta zama kududdufi. Ka shimfiɗa dunƙulalliyar ƙanƙara ko shuɗiya, wadda aka ƙara a 2018, domin ba sa narkewa. Sai dai shuɗiyar gudunta ya wuce kima, a ganina miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ta dace da ita, a kwana kuwa ka faɗaɗa hanya ka yi mata shinge.

Game da masu waya, nasu nau'in Minecraft ɗin Bedrock ne, naka kuwa da alama nau'in Java ne na kwamfuta, kuma ba sa haɗuwa kai tsaye. Akwai manhajar Geyser da ke haɗa su, amma ka nemi wanda ya iya kafa sabar, wato kwamfutar da ƴan wasa ke haɗuwa ta kanta, ya saita maka ita.