Yayata tana tsare da ciki wata biyar, wa zai duba ta?

Tambaya: Likita, yayata tana gidan gyaran hali tana jiran shari'a, ga ciki wata biyar. Tun da aka kai ta ba ta yi awo ba. Shin tana da wani haƙƙi a can, ko sai ta fito?

Amsa: Allah ya kawo mata mafita, 'yar'uwa. Tana da haƙƙi, kuma a rubuce yake. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta ce a yi wa duk macen da aka kawo gwajin ciki cikin kwana 14, a tanadi awo da abinci mai gina jiki ga masu ciki da masu shayarwa. Ƙa'idojin Bankok kan kula da mata fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun hana sa wa mace ankwa lokacin naƙuda da bayan haihuwa, sun kuma fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki idan laifin bai yi muni ba.

Amma doka ba ta tashi da kanta. Mata ba su da yawa a cikin fursunoni, shi ya sa galibi ɗan sashe ake ware musu a gidan maza, asibitin cikin gidan kuma sau da yawa bai wuce ɗakin ba da magani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wata biyar ba awo. A yanzu ya kamata a ce tana shan maganin ƙarin jini kullum, ta fara karɓar Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, an yi mata allurar tetanus da gwajin ƙanjamau. Sai hawan jini, wanda ba ya sallama. Idan kika ziyarce ta, tambaye ta ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko zubar jini. Ko ɗaya ta ambata, ranar za a fita da ita asibiti, don jijjiga ba ta jiran ranar zaman kotu.

Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban gidan kuna neman awo, ku riƙe kwafi. Lauyanta ya nemi beli da hujjar ciki. In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid Council ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ki kai mata katin awonta na da in akwai, ki kuma fara haɗa kayan haihuwa tun yanzu.