Amsar tambaya kan makirfo da firiyam don ɗaukar murya a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka tun jiya da dare, sai dai ban samu natsuwar amsawa ba sai yanzu da gida ya yi shiru. Ga waɗanda ba su ji ba, ya ce ya tara 'yan kuɗi yana so ya fara karanta tallace-tallace da sharhin bidiyo daga ɗakinsa, kuma yana tambaya ko ya sayi Shure SM7B da yake gani a gaban masu shirye-shiryen hira, ko ya sayi makirfo irin na kondensa, sannan ko dole ne ya haɗa da firiyam na daban, wato na'urar da ke ƙara wa siginar makirfo ƙarfi. Zan ɗan tsawaita, don haka a yi mini haƙuri.

Kafin ka fitar da ko sisi, ina so ka shiga ɗakin da za ka riƙa aiki a ciki, ka rufe ƙofa da taga, ka kashe fanka, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ka kasa kunne. Idan ka ji tafin ya yi wata 'yar jela kafin ya mutu, to ɗakin yana amsa-kuwwa, kuma duk makirfon da ka kawo zai ɗauki wannan jelar tare da muryarka. Yawancin ɗakunanmu haka suke, domin bangon siminti ne, ƙasa tayil, sama silin ko kwano, babu wani abu mai laushi da zai shanye sauti. Bayan tafin, ka tsaya shiru na minti ɗaya ka ƙirga abin da kake ji: janaretan maƙwabci, keke mai ƙafa uku a kan layi, zakara, yara, famfon da ake tara ruwa. Kunnenka ya saba da su har ya daina lura, amma makirfo ba ya sabawa da komai.

Ni kaina na koyi wannan ne da kuɗina. Lokacin da na fara, na sayi kondensa mai tsada, na kafa shi a tsakiyar ɗaki, na karanta tallan wata makaranta har sau uku ina jin daɗin yadda muryata ta yi kauri. Washegari wanda ya ba ni aikin ya dawo mini da shi, ya ce in saurari daƙiƙa ta goma sha biyu. Na sa abin kunne, sai ga karar ludayi a bakin tukunya daga kicin, tar kamar a gabana ake kwashe miya, ga kuma gurnanin injin da ke bayan gidanmu a ƙarƙashin kowace kalma. Makirfon bai yi laifi ba, aikin da aka ƙera shi ya yi ke nan.

Bambancin nau'in biyu, wato dainamik irin SM7B da kuma kondensa, ba shi da wuyar fahimta. Dainamik yana da 'yar fata da aka manna wa naɗin waya a cikin maganaɗisu. Iskar magana tana motsa ta, motsin ya haifar da lantarki kaɗan, kuma ba ya bukatar a ba shi wuta. Kondensa yana da fata mai matuƙar sirantaka da rashin nauyi a gaban wani faranti, yana bukatar wutar nan ta bolt 48 da ake kira fantom, wadda ke bi ta cikin kebul ɗin makirfo mai haƙora uku da ake kira XLR, kuma siginarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda rashin nauyin fatarsa yana kama ƙananan abubuwa na murya, numfashi da motsin leɓe da ƙyallin sautin sama, shi ya sa manyan ɗakunan ɗaukar sauti suka dogara da irin su Neumann U87, wanda ya fito tun 1967 kuma har yau ana aiki da shi.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa dainamik ba ya jin hayaniya. A gaskiya babu makirfon da ya san bambancin muryarka da kukan akuya. Abin da ke faruwa shi ne dainamik yana jure a matso masa ƙwarai, kuma duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Wanda ya taso daga santimita 20 zuwa santimita 5 ya riga ya ci ribar kusan desibel 12 a kan janaretan maƙwabci ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa, ga ɗakin da ba a gyara ba a cikin unguwa mai rai, nake karkata ga dainamik.

To, sai mu zo kan SM7B ɗin da ka ambata. Makirfo ne mai kyau, asalinsa SM7 na 1973, wannan sigar kuma ta fito a 2001, amma siginarsa tana da rauni ƙwarai, har kamfanin da kansa yana cewa a nema masa ƙarin ƙarfi na kusan desibel 60 don magana ta yau da kullum. Desibel 60 yana nufin a ninka ƙarfin lantarkin sau 1,000. Wannan ninkawar ita ce aikin firiyam: ya karɓi siginar da ba ta kai ko milibolt ɗaya ba, ya ɗaga ta zuwa inda kwamfuta za ta iya aiki da ita. Matsalar ita ce kowane firiyam yana da tasa 'yar ƙarar shuuu, kuma idan ka murɗa maɓallinsa har ƙarshe, wannan shuuu ɗin yana tasowa tare da muryarka. Mutane da yawa suna zuba duk kuɗinsu a kan makirfon, su haɗa shi da ƙaramin akwati mai rauni, sannan su zo suna mamakin abin da ya sa sautin ya yi ƙasa kuma yana shuuu.

Game da tambayarka ta firiyam na daban, amsata ita ce ba ka bukatarsa yanzu. Akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, wanda muke kira intafes, akwai firiyam a cikinsa, kuma na wannan zamani sun wadatar da aikin murya. Abin da za ka duba shi ne iyakar ƙarfin da yake bayarwa. Focusrite Scarlett zubi na uku yana da desibel 56, wanda ya ishi kondensa har da saura amma yana cijewa da SM7B idan mutum ba mai ɗaga murya ba ne. Scarlett 2i2 zubi na huɗu ya kai 69. SSL 2 yana da 62. Audient iD4 kuma 58. Idan ka riga ka mallaki intafes mai rauni, akwai ƙananan na'urori irin su Cloudlifter da FetHead da ake saƙalawa tsakanin makirfo da intafes, suna shan wutar fantom su ƙara maka desibel 25 ko ɗan fiye. Ka lura dai cewa na dainamik ne. Cloudlifter ba ya wuce da wutar zuwa makirfo, saboda haka kondensa ba zai yi magana ta cikinsa ba. Firiyam masu tsada da ke ƙara wa murya wani ɗumi suna da amfaninsu, amma wanda ke sauraron talla a waya ko a rediyon mota ba zai taɓa gane bambancin ba, alhali amsa-kuwwar ɗaki kowa yana jin ta.

Da ni ne kai, kuma kuɗin ba su da yawa, zan fara da dainamik mai ƙofa biyu, wato USB da XLR, irin su Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Yau ka soka shi kai tsaye a kwamfuta ka fara aiki, gobe idan hali ya samu ka sayi intafes ka koma XLR ba tare da ka jefar da shi ba. Ko Shure SM58 da ake riƙewa a wajen taro, wanda ke kasuwa tun 1966, yana fitar da murya mai tsabta idan an iya zama a gabansa. Sai dai a yi hattara, domin shi da SM7B suna cikin makirfon da aka fi yi wa jabu, kuma idan ka ga sabo a kwali ana sayar da shi rabin farashi, to ka san akwai lauje cikin naɗi. Su kuma akwatunan nan masu araha da ke zuwa da maɓallin tafi da dariya, na nishaɗin kai-tsaye ne, kada ka yi aikin kuɗi da su.

Ragowar kuɗin ka zuba su a ɗaki, kuma a nan ne ya fi dacewa ka ɓata lokaci. Ba sai ka sayi komai na musamman ba. Ka buɗe wardirob ɗinka mai cike da kaya ka kafa makirfo a bakinsa, ka rataya bargo mai nauyi ko ka jingina katifa a bayanka, domin makirfon yana kallon bayanka ne, kuma daga can yake kwaso sautin da bango ya dawo da shi. Ka shimfiɗa darduma ko kafet a ƙasa, ka guji tsakiyar ɗaki da kuma kusurwa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kusan ado ne kawai. Shi kansa soso na musamman amsa-kuwwa yake ragewa, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Maganin ƙarar waje shi ne toshe ƙasan ƙofa da zaɓen lokaci, kuma a nawa ɗakin ban samu lokacin da ya kai bayan sha ɗayan dare ba. Idan wata rana ɗakin ya yi shiru sosai, to lokacin kondensa ya yi, kuma a sannan ka duba ƙarar da makirfon ke yi da kansa: Rode NT1-A yana da desibel 5, Audio-Technica AT2020 yana da 20, kuma ga mai karanta littafi a hankali wannan tazarar tana fitowa.

Akwai wani abu da ya shafi harshenmu. Harafin f a bakin Bahaushe da leɓe biyu ake yin sa, iska tana fita kai tsaye, shi ya sa kalmomi irin su fili da farashi suke bugun makirfo su yi bum, haka ma b. Su kuma ɓ da ɗ ba su cika yin haka ba, tunda ba a turo iska waje da ƙarfi wajen furta su. Ƙ da ts kuwa suna da kaifi, suna tsalle sama a ma'aunin sauti. Maganin shi ne ka sa rariyar nan mai tare iska da ake kafawa a gaban makirfo, ka kuma ɗan kauce, ya zama makirfon yana kallon gefen bakinka maimakon tsakiyarsa. Ka sani kuma matsowa sosai yana ƙara kaurin murya, abin da ke da daɗi a talla amma yana iya dagula kalmomi idan ya yi yawa. Tazarar yatsu huɗu ga dainamik, taƙi ɗaya ga kondensa, daga nan kunnenka ya gyara.

Wutar lantarki ma tana da nata. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan ba a haɗa wayoyin lantarkin gidan da ƙasa yadda ya kamata ba, ko ana kan janareta, za ka ji wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin sauti. Ka cire cajar kwamfutar ka ɗauka a kan batir. Sau da yawa nan take yake ɓacewa. Wayar hannu kuma a nisanta ta daga kebul. Mai kondensa ya riƙa mayar da shi cikin akwatinsa tare da 'yan buhunan nan masu shanye laima, domin ƙurar hunturu da danshin damina idan suka haɗu a kan fatarsa suna sa shi ƙaras-ƙaras.

Wajen ɗauka, ka saita ingancin sauti a manhajarka a kan bit 24, da kilohaz 48 idan aikin na bidiyo ne, ka murɗa maɓallin ƙarfi har muryarka mafi ƙarfi ta riƙa tsayawa tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin sautin manhajar, kada ta taɓa sifili, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Idan kana son ma'aunin da za ka gwada kanka da shi, dandalin ACX na littattafan sauraro yana bukatar shirun ɗaki ya kasance ƙasa da -60, ƙololuwa kada ta haura -3, matsakaicin ƙarfi kuma tsakanin -23 da -18. Ɗakin da ya ci wannan jarrabawar ya isa kowane talla. Manhajar Audacity kyauta ce kuma za ta nuna maka waɗannan lambobin, sai dai kada ka dogara da maɓallinta na goge hayaniya, domin idan ka matsa masa muryarka za ta koma kamar ta mai magana a cikin randa.

Abin da nake so ka yi mini yau shi ne ka ɗauki daƙiƙa 30 a ɗakin, ko da wayarka ce, goma na farko ka yi shiru, sauran ka karanta kowane rubutu da muryar aikinka, sannan ka tafa sau ɗaya a ƙarshe. Ka turo shi a matsayin fayil, kada ka turo shi a matsayin saƙon murya irin wannan nawa, domin WhatsApp yana matse sautin ya ɓoye ainihin abin da nake so in ji. Ka haɗa da hoton ɗakin da adadin kuɗin da ka ware, in Allah ya yarda zan saurara bayan sallar isha'i. Wassalamu alaikum.