Na nemi lauya an ba ni Tarihi: in karɓa ko in jira baɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na cike kwas ɗin lauya a JAMB, sai jami'a ta ba ni gurbi a sashen Tarihi. Baba ya ce ba zai biya kuɗin shekara huɗu in je koyon labarin Bayajidda ba, wai ko na gama sai dai riƙon alli. Wane aiki ake samu da wannan digiri? In karɓa ko in jira baɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe da Baba, ka ce masa damuwarsa tana kan hanya, amma ba labari ake koyarwa a sashen Tarihi ba. Abin da za a shafe shekara huɗu ana horar da kai a kai shi ne tantance labari: wa ya faɗa, yaushe, wa yake so ya ji, me ya ɓoye.

A ajin ƙarshe za a ce ka rubuta kundin bincike, misali a kan tarihin wata gunduma. Sai ka nufi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a fito maka da wani fayil da takardunsa suka yi ja don tsufa, rahoton wani Di'o, wato Baturen mulkin mallaka mai kula da yanki, a kan haraji da jangali. Ya rubuta cewa talakawa sun biya cikin jin daɗi. Ɗalibin da bai ƙware ba sai ya kwafa ya wuce. Wanda ya ƙware zai tuna cewa Razdan, Baturen da ke shugabantar lardin, shi ne zai karanta rahoton, kuma ƙarin girman Di'on yana hannunsa. Zai tambayi kansa ko Baturen nan yana jin Hausa, ko ta bakin tafinta ya ji komai. Daga nan ya nemo wasiƙar hakimi da aka rubuta da Larabci ko ajami, sannan ya je garin ya zauna da dattijon da kakansa ya ba shi labarin shekarar da mutane suka yi ƙaura don gudun harajin. Bakuna uku ke nan, kowanne da nasa zancen, kai kuma ka yanke hukunci da hujja a rubuce. Lauya ma abin da yake yi da shaidu a kotu ke nan.

Fannin yana da tushe mai ƙarfi a ƙasar nan. Kenneth Dike, masanin tarihi na Ibadan, shi ya tsaya aka kafa ma'adanar takardu ta ƙasa a 1954. Abdullahi Smith ya buɗe sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kuma kafa cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. A Zariya ɗin ne marigayi Yusufu Bala Usman ya yi ta nuna wa ɗalibai cewa rubutun Turawan mulkin mallaka shaida ce da ake yi wa tambayoyi, ba a haɗiye ta ɗanya.

Batun aiki kuwa, koyarwa tana nan, kuma ban ga abin rainawa a cikinta ba. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Shekarun nan sun bar giɓin malamai. Sai dai digirin shi kaɗai ba ya isa: kana buƙatar difloma ta koyarwa bayan digiri da rajista da hukumar malamai ta ƙasa. Koyarwa a jami'a kuma sai ka fita da sakamako mai kyau, ka ɗora digiri na biyu da na uku.

Akwai gidajen da tarihi ne sana'arsu: hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da irin su Gidan Makama a Kano, hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada in rufe ka, guraben nan kaɗan ne, ba kullum ake ɗauka ba, albashin kuma na gwamnati ne. Mafi yawan waɗanda suka karanta Tarihi a wasu wurare suke cin abinci: aikin gwamnati, ma'aikatar harkokin waje, aikin jarida, hukumomin tsaro da shige da fice, ƙungiyoyin agaji da sasanta rikici masu neman wanda zai shiga ƙauye ya yi hira da mutane ya dawo da rahoto mai ma'ana. Shi ya sa jami'o'i da dama suka sauya sunan sashen zuwa Tarihi da Nazarin Ƙasa da Ƙasa.

In Baba na son sunaye, ka ambata masa marigayi Adamu Ciroma. Tarihi ya karanta a Ibadan, ya zama editan jaridar New Nigerian, ya zama Gwamnan Babban Banki daga 1975 zuwa 1977, daga baya Ministan Kuɗi. Farfesa Mahmud Yakubu, wanda aka naɗa shugaban hukumar zaɓe a 2015, shi ma Tarihi ya karanta a Sakkwato. Amma a yi adalci: zamanin Ciroma masu digiri ƙalilan ne, aiki ne ke neman su. Kai zamaninka sai ka haɗa da wani abu.

A nan nake so ka natsu. Tun daga aji ɗaya ka zaɓi abu na biyu ka riƙe. In ka yi allo da Islamiyya, ka inganta Larabcinka da karatun ajami, domin akwai rubuce-rubucen hannu jibge a Kaduna da Sakkwato da Zariya da Yamai waɗanda masu iya karanta su ba su da yawa, kuma masu bincike daga waje suna neman irin waɗannan mutane. In harkar jakadanci ce a ranka, Faransanci zai buɗe maka Nijar da Chadi da Kamaru. Ka iya kwamfuta, ka iya rubutu mai tsabta da Hausa da Turanci. Wanda ya fita da takarda kawai, ya haddace littafin malami ya juye a jarrabawa, shi ne zai daɗe a gida bayan bautar ƙasa.

Ra'ayina shi ne ka karɓa, in har kana son karatu mai yawa, don kwas ɗin na masu cin littafi ne. In kuwa shafi goma na sa ka hamma, kada ka wahalar da kanka da aljihun Baba. Jiran baɗi ba shi da tabbas, saboda lauya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, gurabensa kuma ƙayyadaddu ne. Idan har yanzu lauyan ne burinka, wasu jami'o'i suna barin ɗalibi ya sauya sashe bayan aji ɗaya in makinsa ya kai, wasu kuma suna ɗaukar mai digiri kai tsaye zuwa aji biyu na lauya. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ka tambayi ƙa'idarsu a kan waɗannan hanyoyi biyu, don kowace da nata tsarin.