Maganin statin da tsamin cinya: in daina sha ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 57, ina da ciwon suga da hawan jini. Wata huɗu ke nan da aka ɗora ni a kan atorvastatin don rage kitsen jini, kuma tun lokacin cinyoyina ke mini tsami da dare. Ɗana ya ce ko a Ingila manyan likitoci sun yi ta rigima a kan maganin, har ana zargin akwai hannun kamfanoni. In daina sha ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Atorvastatin yana cikin magungunan rage kitsen jini da ake kira statin, kuma kada ka ajiye shi da kanka. Amma ɗanka bai yi ƙarya ba, an yi rigimar.

A watan Oktoban 2013 mujallar likitoci ta BMJ ta buga rubutu biyu, ɗaya na John Abramson da abokan aikinsa, ɗaya na likitan zuciya Aseem Malhotra. Duka sun ce kusan mutum ɗaya cikin biyar masu shan statin na gamuwa da illa. Farfesa Rory Collins na jami'ar Oxford ya tashi haiƙan sai an janye su, yana ganin wannan adadi zai sa mutane su watsar da maganin da ke kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Adadin kuwa an tsinto shi ne daga fayilolin marasa lafiya a Amurka, ba tare da an kwatanta da waɗanda ba su sha ba. A Mayun 2014 marubutan suka janye adadin. Editar mujallar a lokacin, Fiona Godlee, ta miƙa sauran maganar ga kwamiti ƙarƙashin Dakta Iona Heath, wanda a Agusta ya ce babu dalilin soke rubutun gaba ɗaya.

A ganina Collins ya yi daidai a kan adadin. BMJ ita ma tana da gaskiya a kan abin da ta nace: yawancin manyan gwaje-gwajen statin da kuɗin kamfanonin magani aka yi su, kuma cikakkun bayanan mutanen da aka gwada ba a buɗe wa masu bincike na waje ba. Wannan yana damuna har yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba mu manta cewa a 2001 an janye wani statin mai suna cerivastatin daga kasuwa ba, bayan ya lalata tsokar wasu har an rasa rayuka.

Abin da ya kwantar mini da hankali wani ƙaramin gwaji ne mai suna SAMSON da aka yi a Landan, aka buga a 2020, kuma gidauniyar kula da ciwon zuciya ta Birtaniya ce ta biya. An samo mutum 60 da suka daina statin saboda ya dame su. Kowa aka ba shi kwalba 12, ɗaya a wata: huɗu da atorvastatin, huɗu da ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, huɗu kuma wayam. Kullum mutum zai shigar da yadda jikinsa yake a waya. A watannin da ba a shan komai ma'aunin ciwon ya tsaya wajen 8, da statin ya haura 16, da ƙwayar banzar kuma ya wuce 15. Wato kashi 90 cikin 100 na ciwon ya zo ko babu statin. Ba ƙarya suke ba, ciwon na gaske ne, fargabar ƙwayar ce ke tayar da shi. Da suka ga sakamakonsu da idonsu, rabinsu suka koma shan maganin. A 2022 mujallar Lancet ta buga wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 19 na mutum sama da 120,000, ya samu cewa a shekarar farko statin na ƙara ciwon tsoka ga kimanin mutum 11 ne cikin 1,000.

Kai ma kana iya zama cikin 11 ɗin nan, domin tsamin cinyoyi biyu a watannin farko ya yi kama da wanda statin ke jawowa. Koma wurin likitanka da duk magungunan da kake sha a leda, har na gargajiya. Wasu, irin su maganin ƙwayoyin cuta clarithromycin, suna ƙara wa statin ƙarfi a jini. Likitan zai iya auna sinadarin tsoka da ake kira CK, ya duba maƙoƙo, ya kuma duba ko sugan ne ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Sau da yawa mukan tsayar da maganin mako biyu zuwa huɗu mu gani, sannan mu dawo da shi a ƙaramin awo ko mu canza zuwa wani statin ɗin mai suna rosuvastatin. Mai suga da hawan jini a shekarunka yana cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, shi ya sa nake son a nemo wanda jikinka zai karɓa.

Idan kuwa ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ka kasa miƙewa daga tabarma saboda ƙafafu sun saki, to ka tsayar da shi ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka.