Tambaya da Amsa: Zarnin Ɗakin Kaji da Abincin da Ake Ba Su

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon kajin ƙwai guda 400 a bayan gidanmu, kuma tun da damina ta kankama zarnin ɗakin ya yi ƙarfin da idanuna kan yi hawaye in na shiga kwasar ƙwai, har maƙwabta sun fara magana. Kullum ina barbaɗa toka, amma babu sauƙi. Ni nake haɗa abincin da kaina, kuma ina yawaita ƙuli-ƙuli da waken suya don su ƙara ƙwai. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zarnin da ke sa ki hawaye iskar amoniya ce, kuma a gaskiya kuɗin ƙuli-ƙulinki ne yake bin iska. Kaza tana ɗaukar abin da jikinta yake buƙata ne kawai daga furotin ɗin da ta ci, wato sinadarin gina jiki da ke cikin ƙuli-ƙuli da waken suya, sauran kuma ta fitar da shi a wannan farin da ake gani a saman kashinta. Idan ya samu laima da zafi, ƙwayoyin halitta da ke cikin shimfiɗar ɗakin sai su mayar da shi amoniya.

An daɗe ana nazarin wannan a ƙasashe irin su Holan da Denmak, inda ake yawan kiwon aladu, kuma abin da aka gano a aladun shi ne, duk lokacin da aka rage furotin da kashi 1 cikin 100 na abinci, amoniyar da ke tashi takan ragu da kusan kashi 10 cikin 100. A kaji ma lissafin bai yi nisa da haka ba. Kazar da ke ƙwai tana wadatuwa da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin 100, kuma abin da ya haura wannan ba ya zama ƙwai.

Sai dai a nan ne nake so ki yi hattara, domin rage ƙuli-ƙuli kai tsaye ba tare da lissafi ba zai sa ƙwai ya ja baya. Abin da kaza take nema a cikin furotin wasu ƙananan sinadarai ne, musamman laisin da metiyonin, kuma ƙuli-ƙuli ba shi da wadatar su biyun, shi ya sa masu haɗa abinci da ka suke ta ƙara shi don cike giɓin, ragowar kuma ta tafi a kashi. Ana sayar da laisin da metiyonin a matsayin gari a shagunan kayan kiwo, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Ki kai ma'aunin haɗinki ga likitan dabbobi ko malamin gona ya daidaita miki shi, sannan ki sauya abincin a hankali cikin kamar mako guda. Waken suya kuwa dole a soya shi da kyau, saboda ɗanyensa yana hana kaza narkar da furotin.

Ki duba gishiri ma. Kusan giram 300 ya ishi kilo 100 na abinci; idan ya wuce haka, ko aka haɗa da kanwa, kajin za su yawaita shan ruwa, kashinsu ya yi ruwa, zarni ya ƙaru.

Toka kuwa ki daina ta daga yau. Na san mutane da yawa sun yarda da ita, amma tana da kaifi irin na kanwa, kuma wannan kaifin ne yake sakin amoniya daga kashi zuwa iska. Abin da ya fi shi ne busasshen buntun shinkafa ko dusar katako, a riƙa motsa shi, a kwashe wurin da ya jiƙe a ƙarƙashin mazubin ruwa.

Masana sun ce kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki, domin tana ƙona idon kaza da hanyar numfashinta, ta buɗe ƙofa ga mura. Hancin mai kiwo yakan saba da warin, don haka ki riƙa durƙusawa daidai tsayin kajin ki shaƙa, tun da a nan suke numfashi dare da rana. Idan hunturu ya zo kika rufe tagogi da leda, ki bar sarari ta sama inda iska za ta riƙa fita.